Yadda ake shirya ziyarar yini guda zuwa kufan Zazzau a kan babur mai ƙafa huɗu

Tun kafin Turawa su mayar da hedikwatar Arewa garin Kaduna a 1917, duwatsun da ke kewaye da mu sun ga zamani iri-iri. An yi birane a gindinsu, an ja ganuwa, an narka tama, an haƙa marina, daga baya mutane suka tashi suka bar wuraren suka zama kufai. Da yawa daga cikinmu mun sha wuce su a mota a hanyar Zariya ba mu taɓa ratsewa ba, don hanyar da ke kaiwa gindin dutse sau da yawa ta gona ce, ƙaramar mota ba ta bin ta, ƙafa kuma ta yi nisa.

A nan babur mai ƙafa huɗu yake da amfani. A ƙasar Peru ana ɗaukar baƙi a kansa daga yankin Kusko zuwa tsofaffin gine-ginen Moray, a Turkiyya ma ana yin haka a duwatsun Kapadokiya, ɗan jagora a gaba, baƙi a bayansa. Mu ma za mu iya yi a nan, amma da tsarin da ya dace da ƙasarmu da halin da take ciki. Ƙa'idar da ta fi kowace a wurina ita ce babur iyakarsa gindin dutse. Aikinsa ya rage maka nisa. Daga inda ganuwa ta fara, a kashe inji a sauka a taka da ƙafa.

Mataki na farko: zaɓen inda za a je

Ga wanda bai taɓa yi ba, Kufena ce ta fi dacewa. Dutsen yana daf da Wusasa a bakin Zariya, tafiyar kilomita 80 ko ƙasa da haka daga Kaduna, a kan kwalta har kusan wurin. Kufena na cikin wuraren da aka fara zama a ƙasar Zazzau, kuma har yanzu ana ganin ragowar ganuwa ta ƙasa da ta dutse a kewayenta. Wasu sassan sun zube sun zama tudu mai tsawo wanda in ba a nuna maka ba sai ka ɗauka kunyar gona ce ta yi girma. In ka hau sama a ranar da babu hazo, za ka hango Birnin Zariya da rimayensa, da duwatsun Madarkaci da Tukur-Tukur, a nan za ka gane dalilin da ya sa mutanen da suka zaɓi wurin: wanda ke bisa dutsen nan zai hango ƙurar mahara tun suna nesa. Ga kuma kusanci da gari, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika idan wani abu ya taso.

Turunku, a ƙaramar hukumar Igabi, ta fi Kufena nauyi a zuciyar mai son tarihi. Ita ce mazaunin Bakwa Turunku, wanda jerin sarakunan Zazzau ke sa sarautarsa wajen 1536, kuma daga zuriyarsa Sarauniya Amina ta fito, 'yar Bakwa ta san rana. Akwai Turunku Sabuwa da Turunku Tsohuwa, kuma tsohuwar ce ke kusa da duwatsun da kufan yake. Mutanen garin za su nuna maka wuraren da suke dangantawa da Bakwa da Amina kamar yadda suka gada a bakin iyaye. Masana sun saɓa a kan zamanin Amina, wasu sun sa ta a ƙarni na 15 bisa abin da tarihin sarakunan Kano ya kawo, wasu a ƙarni na 16. Ka riƙe wannan a ranka, amma kada ka je kana gardama da dattijon da aka haifa a gindin dutsen. Matsalar Turunku ɗaya ce, wasu sassan Igabi sun sha fama da 'yan bindiga, saboda haka zuwanta ya rataya ne kacokan a kan abin da mataki na biyu ya nuna.

Sai Nok, a ƙaramar hukumar Jaba kusa da Kwoi, ƙasar mutanen Ham. A nan masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, daga baya Bernard Fagg, wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, ya gane a shekarun 1940 cewa wata tsohuwar al'umma ce ta bar su. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a 2005 ya nuna al'ummar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Sai dai tarihin Nok galibinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, ba ganuwa za ka tarar ba. Duwatsu ne da koguna da ɗan gidan tarihi, ga gonakin citta ko'ina. Nisanta daga Kaduna ya wuce a je a dawo a yini guda cikin natsuwa, gara a kwana a Kwoi ko Kafanchan a fita da safe.

Kada a haɗa wuri biyu a rana ɗaya. Guda ya isa.

Mataki na biyu: tsaro da neman izini

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda zumuɗi ke sa a tsallake. Ku fara shi aƙalla mako biyu kafin ranar tafiya.

Ku tuna yadda mutumin ƙauye yake kallon jerin babura a shekarun nan. A ƙasar da aka sha ganin mahara sun shigo a kan babura fuskokinsu a rufe, ayarin injuna biyar masu ƙara da mutane sanye da hular kwano da ƙyallen rufe hanci ba abin sha'awa ba ne ga matar da ke tsinkar wake a gona. Za ta jefar da kwando ta ruga, labari ya kai gari kafin ku kai, 'yan sintiri su fito da bindigogin toka. Ba wanda ya yi nufin sharri, amma ana iya rasa rai a haka. Saboda wannan, babu ƙauyen da za ku ratsa ba tare da an san da zuwanku tun jiya ba.

Mutum ɗaya ko biyu su je da kansu, a mota, su gaida mai unguwa ko dagacin wurin. A tuɓe takalmi, a durƙusa a yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan a faɗi buƙata a sarari: "Ranka ya daɗe, mu mutanen Kaduna ne, muna so mu kawo ziyara kufai ranar Asabar mai zuwa, mu shida ne, da babura masu ƙafa huɗu guda huɗu. Mun zo neman izini, kuma muna roƙon a haɗa mu da wanda ya san dutsen." A riƙa goro ko abin goro, wannan girmamawa ce da aka saba. In dagaci ya ce sai an sanar da hakimi, a je a sanar. In ya ce ku dakata zuwa wani lokaci, ku dakata, kada ku nemi ya yi muku dogon bayani. Akwai abin da ya ji wanda ba zai faɗa wa baƙo ba.

Daga nan sai ofishin 'yan sanda na yankin. A ba su sunayen matafiya da yawan babura da lokacin shiga da na fita, a karɓi lambar wayar da za a kira. A kuma tambaya ko akwai wata dokar taƙaita babura da ke aiki a yankin, don irin wannan doka tana sauyawa da yanayi. A watan Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta taɓa hana hawan babura baki ɗaya na wani lokaci, tare da hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi. Wanda ya ɗauko jarkokin mai ya nufi daji ba tare da sanin hukuma ba, shi ya jawo wa kansa zargi.

Kada kowa ya raina wannan magana. A Fabrairun 2017 an sace Jamusawa 2 masu binciken Nok a Janjala ta ƙaramar hukumar Kagarko, aka kashe mutanen gari 2 da suka bi sawu don ceto su. Masu binciken nan kuwa mutane ne da suka shekara da shekaru suna aiki a wurin, kowa ya san su. Don haka ko an ba ku izini, a sake bugo wa dagaci waya daren tafiya, a sake bugowa da asuba. Kuma kada a sa rana da wurin da za a je a Facebook ko a babban zauren WhatsApp. Hotuna su jira sai an dawo gida.

Yana da kyau kuma a leƙa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu a Kaduna kafin tafiya. Ganuwar Zariya da dutsen Kufena suna cikin wuraren da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da su, ma'aikatan za su faɗa muku abin da aka yarda da wanda aka hana. Ganin tukwane da mutum-mutumin da ke ajiye a can zai sa idonku ya san abin da zai nema a fili.

Mataki na uku: 'yan jagora biyu

Tafiyar nan tana buƙatar jagora iri biyu, kuma da wuya mutum ɗaya ya haɗa su. Akwai jagoran babur, wanda ya san injin, ya iya gyaran gaggawa, shi zai koya wa sababbi tuƙi ya kuma tsara ayari. Akwai jagoran dutse, ɗan garin da dagaci ya ba ku, yawanci mafarauci ko manomin da gonarsa ke gindin dutsen. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san kwazazzabon da ruwan bana ya zaftare, da kogon da zuma ta yi saƙa, da wurin da mutanen gari ba sa son a taka. A kan hanya maganar jagoran babur ake bi, da an shiga ƙasar ƙauyen kuwa, in jagoran dutse ya ce a tsaya, an tsaya ke nan.

A yi cinikin ladansa tun ranar gaisuwa, a gaban wanda ya haɗa ku, kuma a biya shi da kyau. Mutumin nan ya bar aikinsa na yini guda, kuma sunansa ya jingina a kanku a gaban mutanen garinsu. A kira shi Baba ko Malam gwargwadon shekarunsa, a ci abinci tare da shi. In akwai ɗalibi ko malami daga sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da zai yarda ya biyo ku, tafiyar za ta ƙara armashi ƙwarai, don shi zai ɗaga tsingaro ya karanta muku zanen da ke jikinsa.

Mataki na huɗu: lokaci

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, hanyoyin gona sun bushe, ciyawa ta kwanta har ana ganin ganuwa, sanyin hunturu kuma yana sauƙaƙa hawan dutse. Damina ba ta yi ba: laka, dutse mai santsi, rafi mai cika ba sallama, ga amfanin gonar mutane a tsaye. Maris da Afrilu kuwa, dutse yana ɗaukar zafi tun hantsi har ba a iya dafa shi. A kauce wa ranar kasuwar ƙauyen da ranar Juma'a, a kudancin jihar kuma har da Lahadi.

Mataki na biyar: babur da kaya

Ko haya kuka samu ko aro, kada a tuƙa babur ɗin nan a kan kwalta zuwa Zariya. Ba don titi aka ƙera shi ba. Tayoyinsa masu laushi ne, da yawansu kuma tayoyin baya biyu a haɗe suke juyawa, shi ya sa a kan kwalta yake gardama wajen shan kwana, da gudu kuma sai ya kife. A loda su a a-kori-kura ko tirela, a ɗaure kowanne ta kusurwa huɗu, a sauke a inda burji ya fara. Takardun mallakar kowane babur su kasance a hannu saboda shingayen bincike.

Kwana guda kafin tafiya a duba kowane inji a tsanake. Fara da iskar taya, don a nan aka fi yin kuskure. Tayar wannan babur iska kaɗan take sha, galibi tsakanin 4 zuwa 7 a gejin mai faci, alhali ta mota tana shan 30 ko fiye. Mai facin da bai saba da ita ba zai ɗura mata iska irin ta mota, babur ya riƙa tsalle a kan tsakuwa, ko tayar ta fashe. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin babur, a bi shi, kuma hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba zai riƙa janka gefe guda. Sai birkin hannu da na ƙafa, a gwada kowanne shi kaɗai. A danna totur a saki, a tabbata yana komawa da kansa ko an juya kan babur hagu ko dama. A duba baƙin mai, da ruwan lagireto in mai ruwa ne, da batir, a girgiza kowace taya a ji ko akwai noti mai kwance. Matatar iskar injin a wanke ta ko a sauya, ƙurar hunturu tana toshe ta cikin yini guda. A cika tanki a gidan mai tun baburan suna kan mota.

Kowane mahayi da hular kwano mai maɗauri wadda ta yi masa daidai, ba wadda ke rawa a ka ba. Tabarau mai rufe ido saboda ƙura, safar hannu, riga mai dogon hannu, wando mai kauri, takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu. Babbar riga da jallabiya da dogon hijabi da rawani mai jela duk suna iya shiga taya ko su kama reshe. 'Yan'uwa mata su sa ɗan ƙaramin hijabi a cusa shi cikin riga, da doguwar riga iya gwiwa a kan wando, mutunci ya tsaru, lafiya ma ta tsaru. Kada kowa ya sa tufafi mai kama da kakin soja. Riguna masu haske, ja ko ruwan lemo, sun fi, don a hango ku daga nesa a san baƙi ne.

Ruwan sha aƙalla lita 3 ga kowane mutum, da ƙari a mota. Abinci marar nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, burodi, dambun nama. Akwatin taimakon gaggawa mai bandeji da gishirin zawo da maganin ciwon jiki. Kayan faci da famfon hannu, igiyar ja, filogi, tocila, buta da abin salla, da buhun zuba shara. Wayoyi su kasance da layin kamfani fiye da ɗaya, don sabis yakan ɗauke a bayan dutse.

Mataki na shida: koyon tuƙi kafin a shiga daji

Wanda ya iya babur mai ƙafa biyu yakan ɗauka ya iya wannan, kuma su ne suka fi faɗuwa. Ƙafa huɗu tana sa mutum ya saki jiki, alhali injin yana da nauyin kilo 250 zuwa 350, kuma mafi yawan munanan raunuka daga kifewa suke zuwa, babur ya danne mai shi. A ware minti 30 a fili mai faɗi, kowa ya gwada, jagoran babur yana kallo. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya bi mota, babu abin kunya a ciki.

Totur ɗinsa a babban yatsan dama yake, dannawa ake yi, ba murɗawa ba. A danna a hankali. Ƙafafu biyu su zauna a kan matakinsu koyaushe. Mai babur ya saba sauke ƙafa idan ya ji zai faɗi, a nan kuwa tayar baya ce za ta hau ƙafar. Wajen shan kwana a rage gudu tun kafin a kai, a karkata jiki zuwa cikin kwanar. Wajen hawa a sa ƙaramar giya tun daga ƙasa, a matso gaba a kwanto a kan kan babur, a tafi sak ba tare da fizgar totur ba. In ya mutu a tsakiyar hawa, a matse birkin gaba tukuna, sannan na baya bayan ya tsaya, a sa birkin ajiya, a sauka ta ɓangaren tudu. Kada a taka birkin baya da ƙarfi yayin da yake gangarawa da baya, gaba zai ɗaga ya juyo a kanka. Wajen gangara a ja jiki baya, ƙaramar giya, birki sannu-sannu. Ratsa gangare a kaikaice shi ne mafi haɗari duka, in da wata hanya a bi ta ko da ta fi nisa.

Babur mai kujera ɗaya mutum ɗaya ne. Doguwar kujerar an yi ta ne don mahayi ya riƙa matsawa gaba da baya, ba don goyo ba. Mun saba ganin mutum uku a kan babur, amma a nan goyo yana ɗauke nauyi daga tayoyin gaba. Jagoran dutse ya hau mai kujera biyu, ko ya yi gaba a kan nasa babur ɗin da ya saba. Yaron da bai kai shekara 16 ba kada a ba shi babur ɗin manya, kome nacinsa.

Mataki na bakwai: ranar tafiya

A bar Kaduna bayan sallar asuba da gari ya waye, wajen ƙarfe 6:30, ta Kawo da Rigachikun da Jaji. Kafin ƙarfe 9 an sauke babura, an gaida mai unguwa, an ɗauki jagoran dutse. Direban mota ya zauna a ƙauyen da waya a kunne, ya san lokacin da ya kamata ya gan ku.

Ayari kada ya wuce babura biyar ko shida. Jagora a gaba, sababbin hannu a bayansa, ƙwararre guda a ƙarshe, kuma ba mai wuce wani. A bar tazara mai yawa har ƙurar na gaba ta lafa, kowa kuma ya riƙa waiwayen na bayansa, in bai gan shi ba ya tsaya. Gudu a hanyar gona kada ya wuce na mai keke.

Da an doso gidaje a rage gudu sosai, a buɗe fuska, a ɗaga hannu a yi sallama. In za a yi magana da wani a kashe inji a cire hular kwano. Yara za su biyo ku da gudu, a kula da su ƙwarai, kuma kada a ɗauki ɗan kowa. In kun haɗu da garken shanu a labi, ku tsaya ku kashe injuna har su wuce, ku gaisa da makiyayin. A bi sawun da ke akwai. Gonar da aka girbe ma tana da mai ita, wani ya bar rogo ko wake a ciki, kuma taya tana rusa kunya.

Mataki na takwas: a cikin kufai

Jagoran dutse zai nuna inda za a ajiye babura, a inuwa, nesa da ganuwa, nesa da busasshiyar ciyawa don salansar babur mai zafi tana iya tada gobara. Mutum ɗaya ya zauna gadi, ko a ɗauki wani ɗan gari a biya shi.

Dalilin da ya sa nake nanata kada taya ta hau ganuwa shi ne, ganuwar ƙasa ce da aka tara da hannu, abin da ke riƙe da ita yanzu saiwar ciyawa ce da taurin da shekaru suka ba ta. Taya ɗaya in ta yi mata zane daga sama zuwa ƙasa, ruwan damina zai bi zanen ya mai da shi kwari, cikin 'yan shekaru wurin ya tsage. Abin da ya yi shekara ɗaruruwa a tsaye ana iya ɓata shi don hoto guda. Dama ganuwar tana fama da masu ɗibar ƙasar gini da masu fasa dutse da gidaje da ke matsowa, bai kamata masu zuwa don ƙauna su ƙara mata ciwo ba.

Ku yi tafiya sannu, idanu a ƙasa. Kufai ba ya nuna kansa ga mai gaggawa. Tarin kukoki a wuri guda alama ce ta tsohon mazauni. Za ku ga tsingaro a warwatse, wasu da zanen igiya a jikinsu. Za ku ga ramuka masu santsi a kan fa inda mata suka yi niƙa har dutse ya lotsa, da jerin duwatsu a zagaye inda ɗaki ko rumbu ya taɓa tsayawa, wani wurin da baƙin kashin tama mai nauyi inda aka narka ƙarfe. Ku tambayi jagora sunan kowane wuri da abin da ya ji daga kakanninsa, ku bar shi ya gama magana. In zai yarda, a ɗauki muryarsa a waya, don irin wannan sani yana tafiya da masu shi.

Kome kuka gani, ku ɗauki hoto ku bar shi inda yake. Tsingaro a aljihunka ba shi da wani amfani, a wurinsa kuwa yana gaya wa mai bincike shekarun mazaunin. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana haƙa ba izini, ta hana saye da sayar da kayan tarihi, ta hana fitar da su waje. A ƙasar Nok musamman, wani zai iya raɗa muku cewa yana da kan mutum-mutumi na sayarwa. Ku ba shi haƙuri ku wuce, irin wannan ciniki ne ya sa aka tone wurare masu yawa aka lalata su. Kada a rubuta suna a jikin dutse, kada a hau kabari, kuma in an ce wani kogo ko wata bishiya ba a zuwa, a bar shi ko da aƙidarka ba ta ɗauki dalilin ba. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa, kada a tashe shi sai da izinin jami'an tsaro.

Wajen hawa a bi sawun jagora. Kada a cusa hannu a ramin dutse ko a zauna a kan tarin duwatsu ba a duba ba, nan ne maɓoyar kububuwa da kunama. Turare mai ƙarfi da hayaniya suna tada ƙudan zuma, in jagora ya ce a yi shiru a wuce, a yi hakan. A sha ruwa tun ƙishi bai kama ba. In azahar ta yi a yi salla a ci abinci a inuwa, a tattara kowace leda da gora a buhu.

Mataki na tara: idan an samu matsala, da komowa

In babur ya kife da mutum, a kashe injin, a ɗaga shi daga kansa, amma kada a ja wanda ya faɗi ko a zaunar da shi in yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafarsa. Kada a cire masa hular kwano sai in numfashinsa ya tsananta. A kira mota ta matso iya inda za ta iya, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi, kai da wuya a riƙe. Wanda kansa ya bugu, ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, ya gama tuƙi na ranar, kuma likita ya gan shi. Saran maciji ba a tsaga shi, ba a tsotsa, ba a ɗaure da tsumma tam. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a nufi babban asibiti kai tsaye, ana tafe ana waya don a san inda allurar dafin take. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambar 'yan sandan yankin da ta dagaci za su fi saurin amfani. In inji ne ya mutu ya ƙi tashi, a ja shi da igiya a hankali, ko a bar shi a gidan mai unguwa a dawo gobe. Kada ayari ya rabu saboda ƙarfe.

Ƙarfe 2 na rana a fara saukowa, ko an gama gani ko ba a gama ba. Gajiya a hanyar komowa take kayar da mutane, don haka gudu ya zama ƙasa da na zuwa. A tsaya wurin mai unguwa a yi godiya da sallama, a sallami jagora da mai gadi, in an taka wa wani shuka a faɗa a biya tun ba a tambaya ba. A sanar da 'yan sanda an fito. Kafin ƙarfe 4 babura su kasance a kan mota a ɗaure, don a shiga Kaduna da sauran rana.

Washegari a wanke baburan, a sake duba matatar iska da tayoyi saboda ƙaya, a mayar wa mai su tare da faɗa masa duk inda aka buge. A bugo wa jagoran dutse a ji yadda ya kwana, a tura masa hotunan da yake ciki. In kun ga inda ake ɗibar ƙasar ganuwa ko sabon rami na masu tono, ku kai hoton da bayanin wurin Gidan Tarihi na titin Ali Akilu.